A-kori-kurar da Ke Rawar Ɗari

Shekarar da matata ta ɗauki cikin fari ina da wata tsohuwar a-kori-kura fara, wadda nake jigilar shinkafa da ita daga fadamun Gummi zuwa kasuwannin Bukkuyum da Anka. Farkon shekarun tamanin ne, masu mota a unguwarmu ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, don haka ina tafe ina hura hanci kamar ni na ƙera ta. Sau biyu nake wanke ta a yini, ni kuwa wanka ɗaya ya ishe ni.

Ana saura kwana goma a kai matata goyon ciki gidan iyayenta a Gwashi, sai motar ta tsiro da wani hali. Da na sa giya ta ɗaya na taka totur, sai ta kama makyarkyata tun daga baya har kujera, haƙoran mutum na haɗuwa. A giya ta biyu ma haka. Da ta miƙa hanya ta ɗauki gudu sai ta natsu, kamar ba ita ba. Na yi ta ɓoye abin, domin tun ranar da aka sa lokacin tafiyar nake ƙulla yadda zan shiga Gwashi da matata a gaban motata, surukaina na kallo. Ba ta taɓa shiga motar ba, ko sau ɗaya.

Tsautsayi ya sa na ɗauko Inna, mahaifiyata, daga gidan suna. Tafiyar ba ta kai ta shan ruwa ba, amma ko da ta sauka sai da ta dafa bango.

"Wagga mota masassara gare ta," in ji ta. "Ɗiyar mutane da cikin wata bakwai ba ta shiga cikinta, ko da ni da kai za mu ɓata. Sai a roƙi Alhajin bakin kasuwa shi kai ta da tashi motar."

Alhajin bakin kasuwa kuwa shi ne wanda muka yi takarar neman auren matata da shi, na kayar da shi da ƙyar. A ce shi zai buɗe mata ƙofar mota, ya kai ta har gidansu! Raina ya ɓaci har na kasa cin tuwo. Inna ba ta sauya magana, wannan na sani tun ina rarrafe.

Kwana huɗu na yi a garejin garinmu Gummi. Aka sauya fulogi, aka wanke kafireta, aka mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba. Kowane bakanike da tasa fatawar, kuma kowa rantsuwa yake yi. Wani direba ma ya ja ni gefe ya ce baki ne, in nemi laya. Ban gaya wa kowa ba, amma na nema. Motar ta ci gaba da rawarta, layar na reto a madubi tana taya ta.

Ranar kasuwar Anka, bayan na sauke buhuna, wani mai awo ya nuna mini rumfar wani tsohon bakanike a bayan tasha. Na same shi yana cin gyaɗa. Na zayyana masa komai, ina jiran ya ce a buɗe inji, amma ko kallon gaban motar bai yi ba. Ya tuɓe takalmansa ya ajiye a rumfa, ya shiga ya zauna kusa da ni, ya shimfiɗa tafin ƙafarsa a daɓen motar.

"Kada ka sa giya," ya ce. "Ba ta wuta tana tsaye."

Na taka, inji ya yi ƙara lafiya lau.

"To, tashi da ita sannu."

Muna motsawa ta fara abin nata. Kunya ta kama ni kamar ɗana ne ya yi rashin kunya a gaban baƙo.

"Ɗaga ƙahwarka. Mi kaj ji?"

"Ta bari, Baba."

"Taka."

"Ta koma."

Sau biyar muka yi haka a kan hanyar da ta fita gari. Ya ɗora yatsa biyu a sitiyari, ya janye. Ya tambaye ni ko da kaya ta fi yi ko ba kaya, na ce ba kaya. Sai ya gyaɗa kai ya ce in tsaya a inuwar wata tsamiya.

"Taya ba ta san ka taka totur ba, ita gudu tas sani," ya ce. "Da inji na, da ya yi rawa tun tana tsaye. Sitiyarinka kuma lahiya lau. Abin ga daga baya shike zuwa, kuma sai ana tura ta. Farfela ta."

Farfela ita ce doguwar sandar ƙarfen da ke kai juyin inji ga tayoyin baya. Ya kwanta a ƙasa da rigarsa ya shige ƙarƙashi, na bi shi. Ya girgiza ta, gaɓoɓinta ba su da wasa. Sannan na ga yana ƙirga ganyen sifirin da yatsa.

"Wa yaƙ ƙara mata sifirin?"

Na ce kawuna ne, ƙanen Inna, maƙeri. Da kaka ta yi na so in riƙa ɗaukar buhu biyu fiye da ƙa'ida, shi ne ya yanka mini ganye bibbiyu daga sifirin wata matacciyar babbar mota, irin wanda yake ƙera fartanya da shi.

"Da kunka kwance, ba ku ga wani ɗan ƙarfe ba tsakanin sifirin da aksul, kai guda kauri, kai guda sirit?"

Nan take na tuna. Mun gan shi, guda biyu, kowane gefe ɗaya. Kawu ya ɗaga su sama ya duba, ya ja tsaki, ya ce ashe Turawa ma ba su iya aiki ba. Ya jefa su a wuta, ya buge su a kan uwar maƙera har suka yi sumul, kai da kai daidai. Har godiya na yi masa.

Tsohon ya yi dariya a kwance har da tari. Ya ce karkatar nan da gangan aka yi ta, ita ke ɗaga hancin aksul, ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, ya dubi farfela. Mun ɗaga bayan mota da ƙarin sifirin, mun kuma baje abin da ke daidaita su, shi ya sa farfela ke juyawa a tanƙware, tana fizga duk lokacin da aka matsa mata. Da muka koma rumfa ya ɗauki guntun itace ya sassaƙa siffar ƙarfen da wuƙa, ya shafa gawayi a kan da zai dubi gaba. Ya ce in kai wa kawu ya ƙera biyu irinsa, kuma in cire ganye ɗaya a kowane gefe, in rage haɗama.

Na iso Gummi ina waƙa. Kawu ya juya itacen a hannu ya daɗe yana kallo.

"To mi yah hana su rubuta a jikinai cewa da gangan sunka karkata shi?" ya ce.

Duk da haka ya hura wuta, kuma ban taɓa ganin ya yi aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Da Inna ta ji ƙanenta ne mai laifin, sai ta ce ai shi tun yana yaro ba a ajiye abu kusa da shi bai gyara ba, har ludayinta ya taɓa miƙewa. Washegari aka ɗaura. Na sa giya ta ɗaya, na taka. Motar ta zame sumul. Na kewaya kasuwa sau biyu, kuma ba zan yi ƙarya ba, a ƙofar shagon Alhaji na fi danna ham.

Ranar tafiya aka loda itacen wankan jego a baya, da gero da kanwa, gwaggonnina biyu suka haye kan buhuna. Inna ta zauna a tsakiya, matata a bakin ƙofa ta ja mayafi har hanci, don a gaban Inna ko kallona ba ta yi. Na tashi da motar a hankali. Inna ta kasa kunne, ta dafa kujera, ba ta ce komai ba. A wurinta wannan yabo ne.

Bayan mun bar Bukkuyum na saci kallo, sai na ga kan matata ya langaɓe a kafaɗar Inna, mayafin ya zame, barci take yi har da ɗan buɗe baki. Da a farke take da ta gwammace ƙasa ta tsage. Daɗi ya cika ni har na ji idona ya yi ruwa.

Muka hango gidajen Gwashi, na fara rage gudu zan karya zuwa ƙofar surukaina, inda na san an fito ana jira. Inna ta taɓa gwiwata.

"Wuce," ta ce ƙasa-ƙasa. "Kwananta nawa ba ta samu barci ba. Tahi da mu har bakin rafi ka dawo, sannu-sannu."

Na wuce ƙofar gidan a giya ta biyu, surukina na tsaye da hannu a sama yana mamaki, ni kuwa ko ham ban danna ba.