Butar Baba Datti

Ƙosai nake soyawa a Jikwoyi, daidai ƙofar Baba Datti, don haka ba a bakin wani na ji labarinsa ba. Mutumin Zariya ne. Ya zo Abuja tun Garki na rabin daji, ya yi shekara talatin yana masinja a wata ma'aikata, daga wannan ofis zuwa wancan da fayil a hammata. Da ya yi ritaya aka karɓe gidan gwamnati, ya dawo nan ɗaki ɗaya. Matarsa ta rasu. Ɗansa Badaruddeen yana Fatakwal, sai waya ranar Juma'a. Ciwon gwiwa kuma ya raba shi da masallaci.

Abin da ya rage masa talabijin ne, da wani wasan kwaikwayo na asibiti da ake nunawa bayan la'asar. In an kawo wuta, ko sallama ba ya amsawa. Kashegari ya zo sayen ƙosai ya zazzage mini: wanda zuciyarsa ta buga, yarinyar da numfashinta ya ɗauke, wanda ya sha guba.

Nakan ce, “Baba, ka zama likita ba takarda! Saura ka yi mana allura.”

Wata safiya ya zo ba dariya. Ya ce, “Maman Fortune, jiya a wasan nan sun kawo wani tsoho, ɓarin jikinsa ya shanye. Bakin ya karkace, magana ta ƙi fita. Likitar ta ce in an kawo mutum cikin awa huɗu akwai dabara. Abin da suke fara tambaya shi ne, yaushe aka gan shi lafiya?” Ya juya ƙullin ƙosai a hannu. “Shi wancan matarsa ce ta tsince shi. Ni ina da hawan jini. Wa zai tsince ni?”

Kai, maganar nan ta soke ni. Na rufe da tsiya, na ce Allah Ya sawwaƙe, wasa ne fa suke yi, ana biyansu.

Shi dai ya riga ya yi shawara. Kullum in ya idar da sallar asuba zai ajiye butarsa shuɗiya a dokin ƙofa, da magariba ya shigar da ita. Ran da na fito ban ga buta ba, in fasa ƙofar, kar in jira kowa. Na ce na ji.

Wata takwas muna haka. In na hura wuta sai in ɗaga kai, in ga buta, in ci gaba da suya. Wasu ranakun ya fito, wasu gwiwa ta hana. Ni kuwa sha ɗayan safe na yi nake tashi, ban taɓa ganin shigar da ita ba.

Ranar Talata buta tana nan. Laraba tana nan, a kwance, na ce akuya ce ta ture. Alhamis na ɗaga kai, ga ta a kwance yadda na gan ta jiya, ganye ya maƙale a bakinta. Mutumin da ko takalminsa ba ya bari a karkace! Na bar mai a wuta, na kira Innocent mai walda, muka ɓalle ƙofar.

Yana ƙasa, tsakanin katifa da talabijin, bakin a karkace. Da ransa. Idonsa ɗaya ya tsaya a kaina, bai yi kama da mai fushi ba, kuma wannan ya fi ci mini rai.

A keke-napep muka kai shi asibiti. Babu masu gudu da gado irin na wasansa. Wani likita matashi ya duba shi, ya juyo gare ni.

“Mama, yaushe kika gan shi lafiya?”

Na shiga ƙirga da yatsu: Talata, Laraba, Alhamis. Kwana uku ina ce wa kaina Baba yana lafiya. Buta nake gani, ba shi ba.