Jar Fitilar Lindsay Trewin

Lindsay Trewin yana jiƙa soson goge ƙarfen narka dalma, kamar kowace safiya, sai ya hango leɓen matarsa Noelene yana motsi a ƙofar shago. Sai da ta maimaita ya ji: Con ya iso.

Kuruciyarsa ta ƙare a cikin ɗakin injin jiragen ruwan Devonport. Da ya aje aiki, ya koma haɗa amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sautin kiɗa, a bayan gida. A cikin kowace amfilifaya akwai wani ɗan sashe da ke riƙe wuta ta dinga gudana daidai, kamar rafin da bai san damina ba, bai san rani ba. Lindsay yana haɗa nasa da transista ɗaya, wato ɗan ƙanƙanin abin da ke sarrafa wuta, da ƙaramar jar fitila. Abokinsa Con Mavros, tsohon mai gyaran talabijin, da transista biyu yake yi, ɗaya na tsaron ɗaya. Kan wannan suka yi furfura suna gardama.

Kowace Asabar sai a jera akwatunan amfilifayar su biyu, a lulluɓe, Noelene ta kunna ɗaya ta kashe ɗaya, su kuma su faɗi da kunne wanne ke kiɗa. Lindsay bai taɓa kuskuren nasa ba. Da wannan yake rufe bakin 'yarsa duk sanda ta ce a je a duba masa kunne.

Ranar an wanke farin mayafin da aka saba, sai Noelene ta kawo bargo mai kauri.

"Tsoho, ka shirya shan kaye?" in ji Con. "Wannan fitilar taka a bishiyar Kirsimeti ta dace."

"Zauna, sarkin surutu. Naka kamar ana kiɗa cikin gwangwani."

Allura ta sauka kan faifan garmaho. Kiɗan goge ya tashi, ya tsaya, ya sake tashi.

"Na biyun nawa ne," Con ya ce nan take. "Kai fa?"

Lindsay ya tsinci kansa idonsa na yawo kan bargon, yana neman wani abu. Ɗan jan hasken nan da ke ratsa farin mayafi. Ashe shi yake bi, bai ma sani ba. Kiɗan kuwa duka biyun ɗaya suka zo masa, dushe-dushe, kamar daga gidan maƙwabta.

"A sake," ya ce.

Aka sake. Con ya buɗe baki zai tsokane shi, ya dubi fuskarsa, ya fasa.

"Bambancin ai ba yawa, abokina. Ni ma cinta na yi."

"Kada ka fara tausayina, Con. Bai dace da kai ba."

Ya dafa gwiwa ya miƙe a hankali.

"Noelene, lambar yarinyar nan mai duba kunne tana jikin firij?"

"Tana nan, Lin."

Bai ga bakinta ba, don haka bai ji ba. Ya fita, faifan yana ta juyi.