Sarewar da Kawu Ya Zaɓa

Jiya ina gyaran akwati na ci karo da sarewar roba, sai na tuna Kawu. Shi ya raka ni kanti a unguwar Ƙiblatain sayen sarewa shida don masu koyon kiɗan gargajiya a gidanmu. Sharaɗin maƙwabta ɗaya ne: kada mu dame su.

Ƙa'idar Kawu uku ce: ya shinshina, ya ƙirga ramuka, sannan ya busa. Sai dai kunnensa ya yi nauyi. Ya busa biyar, ya ce duk bebaye ne. Ta shida kuwa sai da mai kanti ya toshe kunne.

"Wannan ce mai rai, ɗana. Yalla, maza ɗauko irinta shida."

Ban iya musa masa ba. Bayan kwana uku maƙwabta suka rufe ajin kiɗan.

Allah ya jiƙan Kawu, ya jiyar da shi daɗaɗan sautukan Aljanna tas.