Ƙahon Babana da Allurar Jijiya

Cikina na fari yana wata bakwai aka maido ni gidanmu goyon ciki, wani ƙauye kusa da Wurno, Turawa na gab da tafiya. Taku goma sai haki, ƙafafuna sun kumbura, ga kwaɗayin cin farar ƙasa.

Babana wanzami ne, kuma ba ƙarami ba, har daga Rabah ake aiko masa. Ya dube ni ya ce mataccen jini ne ya taru, ya kafa mini ƙaho huɗu a baya. Da kyakkyawar niyya ya yi, amma ina miƙewa na zube.

Ranar kasuwa ya ɗora ni a jaki zuwa ɗakin shan magani na Wurno, inda wata nas Baturiya ke zuwa daga Sakkwato duk mako. Ta ja fatar idona, ta duba tafin hannuna, ta ga tsagar ƙaho. Malamin asibitin da ke mata tafinta ya ce, "Baba, ɗiyag ga jini na babu gare ta, ga shi ka rage wanda ya saura. In ta haihu haka, sai dai Allah shi kyauta."

Allura shida aka yanka mini, kasuwa shida, a jijiyar hannu. Ruwanta baƙi-baƙi ne kamar maɗi, a hankali ake tura shi, nas ɗin na riƙe da hannuna tana kallon fuskata. Bakina ya yi ɗanɗanon ƙarfe, fuskata ta ɗau zafi, sannan ya wuce. Baba kuwa, mai tsaga bayan ƙarti, ya juya wa allura ƙeya. Ai dama wanzami ba ya son jarfa.

Bayan ta uku na soma daka da kaina. Nan Inna ta tayar da ƙayar baya. "Mi ya rage? Ga ki kina sussuka! Mai cikin hwari tana ratsa kasuwa, ina kunya?"

Na ji zafin maganar, don ni ma kunyar nake ji. Amma tun ina ƙarama aka san ni da taurin kai. Na ce, "Inna, shida anka ce, ba ukku ba."

Sai Baba ya tashi ya kwanto jaki. Haka muka cika shida, ta ƙarshe ma cikin ruwan sama muka je.

Ranar haihuwa na zubar da jini sosai. Ungozoma ta sauya zane, ta sake sauyawa, mata suka fara salati, Inna ta fashe da kuka. Na tsorata, ba zan ɓoye ba. Amma idona biyu, ina jin kowa, har jinin ya tsaya. Na ce wa Inna ta share hawaye ta miƙo mini 'yata, yunwa take ji.