Sakiusa, Ƙararrawarka Ta Kaɗa

Unaisi jikata, rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki. Ni Merewalesi ban taɓa riƙe alƙalami ba, amma wannan magana sai na yi ta.

Ranar Laraba, sha biyu ga watan Nuwamba, jirgin ruwa daga birnin Suva ya iso tsibirinmu na Kadavu da labarin rasuwar Sakiusa Ratabua, mai gyaran wutar sola. Ciwon zuciya ne, wai yana tsaye da waya a hannu. Ina kankare rogo na ji, wuƙar ta faɗi.

Sakiusa, ka san ni da tsoro. Ina da ciwon suga, kuma allurata in ta yi zafi ta tashi daga aiki, ni ma na bi ta. Ƙauyenmu kuwa duk Lahadi sai a kashe wutar gari gaba ɗaya tun safe, a tara ta saboda lasifikar coci. Firjin da nake ajiye ta a ciki yana da wani ɗan akwati mai lura da wutar da ke shiga, in ta yi ƙasa ya kaɗa ƙararrawa. To amma shi ma wannan wutar yake sha! In an kashe, shi ne farkon yin shiru, ni kuwa in zauna ina cewa lafiya lau. Haka na yi ta soka wa kaina lalatacciyar allura har aka kwashe ni a kwale-kwale zuwa asibiti.

Da ka zo, ka leƙa, ka kwashe da dariya. Mutanen ƙauyenku abokan wasanmu ne, ba ka raga mini.

"Kaka, kin ɗauki maigadin da ke barci tare da masu gida."

"Bakinka kamar na kifi," na ce. "Gyara, ko in hana ka gwazana."

Ka ce za ka ja wa ƙararrawar wuta daga wani batiri daban. Sai kuma ka tsaya, ka daina dariya. Ka ce in akwatin yana kashe aka tura masa wuta ta wannan waya, tana iya kutsawa ta baya ta ƙona shi. Ka ƙi haɗawa sai da ka gwada, ka sa wani ɗan abu kamar ƙwayar shinkafa a tsakani, mai hana wutar komawa baya. Jirgi ya yi ta busa maka, ka bar shi ya tafi, ka kwana uku kana cinye mini kifi. Ka nuna mini jan maɓalli, ka ce in ta kaɗa in danna, firji ya koma kan batirin. Na ce Allah ya kiyaye, ni da taɓa wuta! Kullum maƙwabta nake kira.

To ji abin da ya faru jiya! Unaisi, rubuta da sauri! Duk gari sun tafi bakin ruwa kai wa jirgi tabarmin jana'izarka bisa al'adarmu, aka kashe wuta aka ɗauke lasifika, ba Lahadi ba, ba wanda ya tuna da ni. Tsakar rana sai ƙararrawa ta ɓarke! Na yi kira, ba kowa, sai kaji. Na naɗe hannuna da zani, na rufe ido, na danna. Firji ya yi gurnani ya tashi! Ni! Da wannan yatsa! Na fito tsakar gida ina ihu ina kuka, ina neman wanda zan gaya wa, kuma kai kaɗai nake so ka ji.

Har yanzu ina tsoro. Lokacin guguwa ya ƙarato, ban san wanda zai zo mana ba. Amma allurata da sanyinta yau da safe.

Allah ya ji ƙanka, ɗana, ya karɓe ka da hannu biyu, ya ba ka hutu. Ateca, 'yata, matarsa, Allah ya sanyaya miki zuciya, ya raya 'ya'yanku Waisea da Salote. Ku yafe mini ban zo ba, teku ta fi ƙarfina. Tabarmar da ke da jan gefe tawa ce, ku shimfiɗa masa ita a ƙasa.