Ranar da Na Ƙona Bakin Garma

Ni ɗan maƙeri ne daga wani ƙauye kusa da Babankatami, kuma ni kaɗai aka sa lakwal, wato makarantar boko, a gidanmu. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba na dawo daga Madawa da satifika, takardar gama firamare, kaina ya kumbura. Babana ya ce in zauna ina yi masa zuga, in koyi gane ƙarfe ta launinsa. Na faɗa masa a gaban mutane cewa ban yi shekara shida a aji don in ƙare cikin gawayi ba. Bai yi faɗa ba, ya dai yi mini addu'ar samun buro, wato aikin ofis.

Shekara huɗu ina zarya tsakanin Buza da Madawa da wando mai guga. Mu da yawa muke zama a ƙofar buro, kowa da takardarsa, muna jiran kujerar magatakarda guda. Ana cikin haka babana ya rasu, wutar maƙera ta mutu.

Sai ga malaman gona sun kawo garmar shanu, suna neman saurayin da ya iya karatu kuma ya iya ƙira, ya riƙa gyara garmunan yankin, ya kuma koya wa samarin gari. Maigari ya kama hannuna ya kai ni, yana cewa ga ɗan gado. Na rantse na iya. Aka miƙo mini bakin garma da ya lanƙwashe, gari ya taru a maƙerar babana. Ban san lokacin da ake fitar da ƙarfe daga wuta ba. Na bar shi ya ƙone, ina buga masaba ya tsage biyu. Wata tsohuwa ta ce gara da marigayi bai gani ba. Aka ɗauke aikin aka kai wani gari.

Abin da ke cin raina har yau, ba ni kaɗai na rasa ba. Samarin da za su koya a hannuna duk suka tafi ci-rani bakin teku, kaɗan ne suka dawo. Ku masu takarda, kuna ƙaruwa kullum, kujerun kuwa ba sa ƙaruwa. Wanda tsohonsa ke da sana'a ya durƙusa ya koya tun yana da rai. Ni dai na ƙare ina rubuta wasiƙu ranar kasuwa, kuma yawancinsu iyayen samarin nan ne ke faɗa mini, suna roƙon 'ya'yansu su dawo gida.