Ranar da Na Ɓoye wa Kwamfuta Asirin Tahuna

In ana neman wawa a wannan labari, kada kowa ya wahalar da kansa, ga ni zaune.

Ina da tahuna, injin niƙan dawa, a ƙauyenmu kusa da Wad Haddad. Kowace shekara mutanen daraib, wato ofishin haraji, sukan zo su kalli injin, su kalli tumbina, su yanka mini haraji da ka. Wata shekara suka yanka abin da ya fi ƙarfina, suka ce in ban yarda ba in kai takardar abin da nake samu ofishinsu da ke birnin Madani. In na ƙi, su sa wa ƙofar hatimin jan kaki su rufe.

Ɗiyata da ke jami'a ta zo hutu da kwamfuta. Ta ce akwai barnamaj, wani akawu da ke zaune cikin na'ura, a gaya masa samu da kashewa, ya fitar da takarda tsaf. Ta nuna mini iri biyu: ɗaya sai an haɗa shi da intanet, ɗaya yana cikin faifai. Ni kuwa na ɗan taɓa boko kafin a kore ni, ba a yi mini wayo. Na ce na faifai.

"Baba, na farkon ya fi ƙwarewa."

"Ƙwarewar tasa nike tsoro. Ɗan wa ne? Wa yake kai wa rahoto?"

A wajenmu ba a faɗin yawan samu, ko ga ɗan'uwa, saboda ido. Don haka na kori kowa daga ɗaki ban da ita, na rufe taga, na sa ta liƙa tsumma a ɗan idon da ke goshin kwamfutar. Barnamaj ya shiga tambaya kamar alƙali: buhu nawa a wata, man inji nawa, gyara nawa. Kowace amsa a kunnenta nake raɗawa. Buhunan na raba biyu, man na ninka. Ta ce, "Baba, ka ji tsoron Allah." Na ce ina ji, wanga abin ne dai ban yarda da shi ba.

Takarda ta fito fes, ta nuna ni abin tausayi ne.

A hafilar Madani, wato bas, na tarar da wani abokina mai hawasha, gonar rani. Gefena wani afandi ne, irin ma'aikatan gwamnati, cikin wando da shat, yana karanta jarida, yana amsa waya da Larabcin Khartum. Na auna shi sama da ƙasa, na ga ba namu ba ne. Sai na saki baki da Hausa, na ba abokina labarin yadda na kayar da na'urar Turawa, har da ainihin yawan buhunan. Muka yi ta dariya har tasha.

A ofishin daraib aka nuna mini tebur. Afandin nan ne zaune. Ya miƙe, ya ba ni kujera, ya ɗan rusuna.

"Baba, ina gajiyar hanya?"

Hausar Maiwurno, garin Hausawanmu, tsantsa, ko gargada babu. Ya duba takardata ya ce, "Ta yi kyau ƙwarai. To, buhunan da ka faɗa wa kwamfuta za mu rubuta, ko waɗanda ka faɗa wa hafila?"

Na hafila ya rubuta, ya ɗora tara a kai. Ba a rufe tahuna ba, amma ragon da nake kiwo don Layya shi ya tafi kasuwa a madadinta.

Da na dawo gida na tara iyali, na bayyana musu cewa bincikena ya nuna barnamaj ɗin nan ɗan leƙen asiri ne, tsumman ma ta ƙasa ya leƙa. Mai ɗakina tana tankaɗe, ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Malam, kwamfuta tana nan cikin akwati tun da ka fita. Da an san haka, da bakinka aka liƙa wa tsumman."